Kofin da Na Hana Baba Idi Gani

Labarin rasuwar Baba Idi mai waya ya iso mini Djougou a bakin direban kamiyo, wato babbar motar kaya, ranar Laraba da hantsi, kwana guda bayan an rufe shi. Mutumin ya yi sallama a zaure, ya ƙi zama, ya ce Hajara ta Zongon Parakou, 'yar riƙon marigayin, ce ta aiko shi: tsohon ya cika jiya bayan asuba, an yi masa sutura kafin azahar. Na tambaye shi me ya hana a bugo mini waya. Ya ce an je gidan waya, aka tarar layin ya yanke tun ruwan ranar Lahadi, kuma har yanzu ba a gano inda ya yanke ba. Shi ma da tun jiya ya iso, sai taya ta fashe masa a Tourou. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Mutumin da ya ƙarar da ƙarfinsa yana bin wannan layi a ƙafa don kada labarin kowa ya kwana a hanya, nasa labarin ya kwana a gefen titi tare da buhunan masara.

Na san waɗanda suka saba karanta wannan shafi, tun daga bakin teku har gaɓar Kwara, suna jiran wurin da zan ba su dariya. Ina roƙonsu su gyara zama irin na gidan makoki. Idan dariya ta kuɓuce wa wani a tsakiyar wannan rubutu, ya tabbata da ni yake yi, domin marigayin bai bar wa kowa abin dariya ba, ni kuwa na bar da yawa.

Na san Malam Idrisu, wato Baba Idi, tun ina saurayi, sa'ad da aka ɗauke ni akawu a gidan waya na Parakou, 'yan shekaru kafin Nasara su tattara su tafi. Shi mai bin layi ne. Aikinsa ya rataya ƙugiyoyin hawa da jakar fata, ya bi wayar tangarahu daga Parakou zuwa Djougou, falwaya bayan falwaya, ya ɗaure abin da ya kwance, ya sauya abin da ya fashe. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, tafin hannunsa kamar ƙirgi. Ranar da ya fara ganina a bayan tebur ya sa mini suna Akawu, bai kuma sauya ba. Na bar gidan waya, sunana ya shiga jarida, manyan mutane masu kwat suka riƙa miƙewa tsaye suna ce mini Mushe, wato ranka ya daɗe na Faransanci, shi kuwa ko a tsakiyar taronsu ya same ni sai ya ce, "Akawu, ka ci abinci?"

Ga wanda bai taɓa ɗaga kai ya dubi saman falwaya ba, bari in yi bayani. A can sama akwai wani ɗan abu na farin tangaran, girmansa kamar dunƙulen hannu, siffarsa kamar ƙararrawa. A wuyansa akwai kwarmi inda ake ɗaure waya, a ƙarƙashinsa akwai rami inda ƙarfen falwaya yake shiga. Nasara suna ce masa izolater, 'yan layi kuwa kofi kawai suke cewa. Na taɓa tambayarsa amfanin abin, ya ce, "Labari ruwa ne, Akawu. In waya ta taɓa ƙarfe sai ya zube ƙasa. Kofi bai san abin da ke wucewa ta wuyansa ba, nasa dai kada ya bari ya zube." Saboda haka ba ya saukowa daga falwaya sai ya zura yatsa ya fitar da gidan zanzaro da saƙar gizo daga cikin kofin, ya goge shi da bakin rigarsa. Abokan aikinsa suna yi masa ba'a, wai yana wanke wa tsuntsaye kwano.

Akwai wani hali nasa da tsofaffin Zongo ba su manta ba. Idan talgiram ɗin mutuwa ya zo wa wani gida a unguwar, kuma shi yana gari, ba ya yarda masinja ya kai. Ba aikinsa ba ne, bai kuma iya karanta Faransanci ba. Sai ya tsaya a gaban teburina ya ce in faɗa masa sunan mamacin da na mahaifinsa, ya soke takardar a hula, ya biya ta gidan liman su tafi tare. Ya ce irin wannan takarda ba a miƙa ta a tsaye. Na sha ganinsa ya dawo daga tafiyar kwana huɗu, ƙafafunsa duk faso, ya ajiye jaka ya fita kai irin wannan saƙo kafin ya sha ruwa.

Abin da ban sani ba a lokacin, wanda kuma ya kamata mai karatu ya sani tun yanzu, shi ne Baba Idi yana neman wani kabari. Yana da wa, Mamudu, wanda ya koya masa hawa. Wata damina, tun Idi bai yi gemu ba, su biyu suna gyara a dajin da ke kafin a shiga Djougou, hadari ya taso, aradu ta bi waya ta sami Mamudu a saman falwaya. Rafuka sun cika, babu hanyar ɗauko gawa. Wasu manoma da ba ya jin harshensu suka taya shi haƙa, ya yi wa wansa salla shi kaɗai, ya rufe shi. Babu dutse a kusa, sai ya ciro sababbin kofuna biyu daga jaka, ya kafa ɗaya a kai, ɗaya a ƙafa.

'Yan layi na wancan zamani suna da wata al'ada. Kowa yana da shaidarsa da yake yi da magagari a leɓen duk kofin da ya ɗaura, domin in aiki ya lalace a san na wane ne. Shaidar Mamudu tsaga biyu ce, ta Idi tsaga ɗaya. A kan waɗannan kofuna biyu ya haɗa duka: biyu a jere, ɗaya a gefe. Ya koma Parakou ya tarar da matar wansa da tsohon ciki. Ta haifi Hajara, ba ta daɗe ba ita ma ta bi mijinta, kuma kafin ta cika ya yi mata alkawarin in yarinyar ta yi wayo zai kai ta ta ga inda ubanta yake kwance. Shi ya raini Hajara. Amma kafin ta yi wayo aka tura shi aiki kudu shekaru masu yawa, ko da ya dawo an mayar da layin bakin sabon titi, an tumɓuke tsofaffin falwayoyi, daji ya zama gonakin doya. Ya shiga ƙauyuka yana tambaya, kowa ya ce bai ji ba. Abu ɗaya ya rage masa: kofunan da suka fashe a shekarun aiki, waɗanda ake yarwa a gindin kowace falwaya har ƙasa ta rufe su. Duk inda aka tono kofi, nan tsohon layi ya bi.

Sai Allah ya kawo masa ma'aikata kyauta. Bayan samun mulkin kai wani zazzaɓi ya kama mutanen Parakou da Djougou, kuma ina baƙin cikin sanar da tarihi cewa ya fi kama masu karatu. Aka ce madugan fataken goro, kakanninmu, da suka ji Nasara na tafe, sun binne tulunan azurfa a tsofaffin zangunan da ayari yake sauka. Aka ce Nasara ma da za su tafi sun binne akwatuna a bayan tsofaffin bariki. Babu wanda ya ga wanda ya samu, amma kowa ya san ƙanin matar wanda ya gani. Dattawa masu mutunci suka riƙa fita ranar Lahadi da dagi da fartanya ɗaure a bayan keke, suna cewa gona za su duba. To, Nasara da suka zo shimfiɗa waya ba su yi wahalar sare sabon daji ba, tsohuwar hanyar ayari suka bi. Saboda haka duk wanda ya tona tsohon zango, abin da daginsa yake fara bugawa kofin waya ne.

A lokacin Baba Idi ya ajiye aiki. Bayan la'asar yakan zauna a ƙofar gidansa a Zongo, masu tono su riƙa zuwa ɗaya-ɗaya da abu a ƙulle cikin tsumma, suna waiwaye. Yakan karɓa ya jinjina a tafin hannu, ya ƙwanƙwasa da farce ya saurara ko akwai tsagewa a ɓoye. Ya duba wuya ko tsatsar waya ta ci, ya leƙa rami ko akwai sauran zaren rama da farar ƙasar da ake liƙa shi da ita a jikin ƙarfe. A ƙarshe ya zagaya leɓen da babban yatsa, a hankali. Wata rana ina zaune a wurin, sai Malam Garba mai gishiri ya kwance wani jan kofi, ya yi ƙasa da murya.

"Baba, wannan na sarakunan dā ne, ko? Dubi launinsa."

"Na sarkin jirgi ne. Na layin dogo ne wannan, ga hayaƙin gawayi a wuyansa. A bayan tasha ka tono shi."

"Wallahi, Baba, a tsakiyar daji na..."

"To jirgin ne ya bi ka dajin. Garba, bar rantsuwa, la'asar ta yi sanyi. Kai wa uwargida ta danne murfin tulu da shi."

Aka yi dariya, Malam Garba ya tattara tsummansa. Amma in kofin fari ne, na tsohon layin Djougou, fuskar Baba Idi takan sauya. Yakan faɗi wanda ya ɗaura shi daga shaidar leɓe, ya ce wannan hannun wane ne, Allah ya jiƙansa, ba ya matse waya da kyau. Sa'an nan ya yi tambayar da kowa a Zongo ya haddace har ana tsokanar juna da ita a kasuwa: "A ina ka same shi?" Ba ya barin mutum sai ya faɗi ƙauye, da rafi, da irin itacen da ke wurin. Yawancinsu sukan bar masa kofin don haushi. Shi kuwa sai ya shiga gida ya jera shi a gindin katanga, kowane a gurbinsa, Parakou a bakin ƙofa, Djougou a ƙurya wajen rijiya. A hankali tsohon layi ya sake miƙewa a tsakar gidansa. Wuri ɗaya ne ya ƙi cikewa, kamar kamu biyu kafin rijiya. Mu duka mun ɗauka sha'awar tsufa ce.

Yanzu na zo wurin da alƙalami yake yi mini nauyi.

Gidanmu a Djougou gidan madugu ne, kuma al'adarmu ce mu sanar da baƙo wannan kafin ya gama shan ruwa. An ce zangon ƙarshe da kakan mahaifina yake sauka kafin ya shigo gari yana kusa da Sérou, inda akwai matacciyar rijiya. Wata Lahadi na tafi da 'yan'uwana biyu. A gefen wata gonar doya muka ga wani ɗan fili da fartanya ba ta taɓa ba, ciyawa ta rufe shi, kunyoyi sun kewaye shi ta ko'ina. Na yi wa 'yan'uwana bayani na ilimi cewa ƙasa ba ta ƙin noma sai in akwai ƙarfe mai daraja a cikinta. Dagi bai shiga taƙi guda ba ya bugi wani abu. Na zaro farin kofi, lafiyayye, ko ƙwarzane babu. Muna shirin ƙara zurfi sai ga wani manomi ya taso a guje yana ihu yana ɗaga hannu. Ban tsaya jin abin da yake faɗa ba. Mu zuriyar madugu muka nuna masa cewa in ba mu gaji azurfar kakanmu ba, mun gaji saurin tafiyarsa.

A makon na rubuta abin da har yau wasu suke yaba mini. Na shaida wa duniya cewa an gano kofin da madugu yake shan ruwan zamzam da shi, aikin Santambul. Na ce rashin gindin zamansa hujja ce a kan kofin matafiyi ne, wanda ake sha a bisa dabba ba a ajiyewa. Na ce kwarmin wuyansa na ɗaura igiya ne a rataye a sirdi. Akwai wasu 'yan tsagogi uku a leɓensa, waɗannan ban ambace su ba, na ɗauka aibi ne, kuma kullum ina juya su wajen bango. Na saya masa akwatin gilashi. Baƙi suka riƙa zuwa gani, wani malamin makaranta ma ya cire hula.

Ba zan ɓoye wa masu makoki gaskiya ba. Na yi shekara shida a gidan waya. Na san abin da na tono tun yana hannuna da ƙasa a jikinsa. Tsabtarsa ce ta ba ni ƙofar da zan yaudari kaina, domin duk na sauran mutane da tsatsa da fashi, nawa kuwa fes. Na kuma san akwai mutum ɗaya a ƙasar nan da zai rufe wannan ƙofa da yatsa ɗaya, sai na yanke shawarar ba zai taɓa riƙe shi ba.

Da labari ya kai masa, ya ce mini cikin dariya, "Akawu, an ce kakanka ya yi aiki da mu. Kawo in gaishe shi." Na yi dariya na sauya magana. Bayan shekara biyu ya aiko a tambaye ni, na ce ina tafiya. Daga baya ya hau kamiyo da kansa ya zo Djougou, a lokacin yanar ido ta fara rufe masa ido ɗaya. Ya zauna a wannan zaure da nake rubutu yanzu. Na ce akwatin a kulle yake, mabuɗin yana hannun kawuna, kawun kuwa ya yi tafiya. Ya sha ruwa ya ajiye moɗa, ya dube ni da idon da ya rage.

"To, in kawun ya dawo. Ko wurin kaɗai ka faɗa mini, Akawu. A ina ka same shi?"

Na ce wannan sirrin gida ne, ba ni da izinin faɗa.

Ya ce, "Haka ne. Kowane gida da nasa." Ya miƙe, ya tambayi lafiyar iyali ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, ya tafi tasha. Ban raka shi ba, na ce ina da rubutun da jarida take jira.

Shekara bakwai kofin ya yi a cikin gilashi. A damina ta bana Hajara ta zo kasuwar Djougou sarin goro, ta biyo ta gidana da rana tsaka. Mace ce mai jikoki yanzu, mai magana ɗaya. Na sa a shimfiɗa mata tabarma, ta ce ba zama ta zo yi ba.

"Mushe, ka san me Baba yake nema a cikin kofunan nan?"

"Sha'awa ce, Hajara. Tsoho kan so abin da ya saba da shi."

"Ubana yake nema."

Tana tsaye ta ba ni labarin da na riga na ba ku, na aradu da kofuna biyu da alkawari. Ta ce ita ma sai bara ya faɗa mata, da ya ga idon na biyu ya fara tafiya. Ta ce yanzu da lalube yake zuwa masallaci, amma kullum da safe sai ya bi katanga yana shafa kofunan nan har ya kai gurbin da babu komai, ya tsaya.

"Duk Parakou da Djougou babu kofin da bai riƙe ba sai naka. In na Santambul ne, me zai ragu a jikinsa don makaho ya shafa? Ko Santambul ɗin gogewa take yi?"

Na fara wata magana a kan darajar kayan tarihi.

"Pardon, Mushe, ajiye wannan wa jarida. Ni mota nake jira."

Washegari na naɗe kofin a cikin rawani na hau motar farko. Na same shi a ƙofar gida, a inda ya saba zama, babu kowa a wurinsa, domin zazzaɓin tono ya daɗe da saukar wa mutane. Na yi sallama, ya ce, "Akawu. Kawun ya dawo?" Na ce ya dawo, Baba. Na sa masa kofin a hannu.

Ya jinjina. Ya ƙwanƙwasa da farce, kofin ya amsa garau. Ya zura yatsa a rami ya ce, "Wannan bai taɓa hawa ƙarfe ba." Ya shafa wuya ya ce, "Waya ba ta taɓa cinsa ba." Sa'an nan ya ɗora babban yatsa a leɓe ya fara zagayawa. Na ga yatsan ya tsaya. Ya koma baya, ya sake bi. Biyu a jere, ɗaya a gefe. Ya juyo da fuskarsa wajena.

"A ina ka same shi?"

Na faɗa masa duka, da matacciyar rijiya, da gonar doya, da ɗan filin ciyawa.

"Zurfin me ka tona?"

"Taƙi ɗaya, Baba. Aka kore mu."

"Alhamdu lillahi da Allah ya yi ka matsoraci."

Na ce, "Baba, shekara bakwai..." Ya ɗaga hannu. Ya ce, "Ka riƙe shi da kyau. Ko ni ban goge shi haka ba." Iyakar abin da ya taɓa faɗa a kan laifina ke nan, daga ranar har ya koma ga Ubangijinsa. Da ya zage ni da na fi samun barci.

Bayan kwana biyu muka tafi Sérou, ni da shi da Hajara. Ruwa ya ɓata jar hanyar da ke shiga gonaki, sai muka sauka muka taka, yana dafe da kafaɗata. Mai gonar yana nan, ya tsufa. Ya ƙare mini kallo ya ce da harshen Dendi, "Kai ne mai gudun nan." Na amsa laifina. Ya ce tun yana ƙarami mahaifinsa ya nuna masa wurin ya ce akwai baƙo kwance a nan, mutumin waya, kada fartanya ta taɓa. Abin da yake ta faɗa mana ke nan ranar da muka zo da dagi. Shekara da shekaru yana kewaye wannan ɗan fili da kunyoyinsa, bai san sunan baƙon ba, bai kuma san yana da kowa ba.

Baba Idi ya durƙusa a inda na nuna masa. Ya tambaya ina gabas, Hajara ta juya masa fuska. Ya auna da kamunsa zuwa arewa, ɗaya, biyu, uku, huɗu, ya fara tona da yatsu. Na miƙa masa wuƙa ya ture. Ƙasar damina ce, ba ta yi gardama ba. Can sai fari ya bayyana a tsakanin saiwoyin ciyawa. Bai zaro shi ba, ya dai zura yatsa ƙarƙashin leɓen ya shafa, ya gyaɗa kai.

Ya ce, "Hajara, matso. Ga babanki."

Ta durƙusa a gefensa ta rufe fuska da mayafi. Shi kuwa ya dafa ƙasa da tafin hannu biyu ya ce, "Yaya, na makara. An ɗauke layin ne." Ya yi addu'a mai tsawo, mu muna amin, mai gonar yana tsaye a nesa da hularsa a hannu. Da ya gama ya ce in ba shi kofin. Ya zura yatsa a ciki kamar yadda ya saba, ko da yake babu gidan zanzaro a akwatin gilashi, ya goge shi da bakin rigarsa, ya kafa shi a gurbinsa wajen kai, ya tura ƙasa ya danne.

A hanyar dawowa ya yi ta hira kamar yaro, yana ba Hajara labarin yadda ubanta yake waƙa a saman falwaya da muryar da take korar tsuntsaye. Bai cika wata huɗu ba bayan wannan.

Ban taɓa janye rubutuna na kofin madugu ba. Wannan shi ne janyewar. Madugu bai sha zamzam da shi ba, Santambul ba ta san da shi ba. Alamar kan kabarin Mamudu ce, mai bin layi, ɗan Zongon Parakou, kuma ni na tumɓuke ta na sa a gilashi, na hana ƙaninsa gani har idonsa ya rufe. Ya kai Hajara kamar yadda ya yi alkawari, amma wurin da ya yi rabin rayuwarsa yana nema da hannu ya gan shi, kuma wannan a wuyana yake.

Na isa Zongo ranar addu'ar uku. Bayan an watse na shiga tsakar gida. Kofunan suna nan a jere a gindin katanga, daga bakin ƙofa har rijiya, da gurbin nan da babu komai. Hajara ta ce ba ta san yadda za ta yi da su ba, na ce ta bar su tukuna. Ta ce washegarin rasuwar Baba, wani mutum ya zo daga ƙauye da abu a ƙulle cikin tsumma, ya tsaya a ƙofa ya ga tabarmin makoki, ya juya da ƙullinsa. Duk abin da ya tono, babu sauran wanda zai faɗa masa hannun wane ne. Ni ma da na fito na yi sallama da jama'a, kowa ya ce Mushe sai an jima, Mushe Allah ya kiyaye hanya, babu mai cewa Akawu. Na tsaya kaɗan a ƙofar gidan kamar na manta wani abu, sa'an nan na tafi tasha.

Wanda hanya ta bi da shi ta gonakin Sérou, in ya ga ɗan filin ciyawa a tsakiyar kunyoyin doya, ya ajiye daginsa ya ɗaga hannu.

Allah ya jiƙan Malam Idrisu, ya gafarta masa, ya yalwata masa makwancinsa, ya mayar masa da ganinsa a inda gani yake da amfani. Allah ya jiƙan wansa Mamudu da ya daɗe kwance a cikin baƙi, da matarsa da ta tafi da alkawari a kunnenta, ya haɗa su a gidan rahama. Allah ya ba Hajara haƙurin rashin uba sau biyu, ya raya mata 'ya'yanta da jikokinta, ya tsare gidan da ya bari. Allah ya saka wa manomin da ya kiyaye kabarin da bai san mai shi ba. Ni kuma da na riƙe abin da ba nawa ba, ina roƙon masu karatu su sa ni a ƙarshen addu'a. Abin da muka roƙa wa Baba Idi, Allah ya sa ya isa gare shi cikakke, kada ya zube a hanya. Amin.